Daga Gombe Zuwa Zanzibar: Takardu, Lokacin Ruwa da Wuraren Tarihi

Abu biyu ne suka fi ɓata wa mutanenmu tafiyar Zanzibar. Na farko biza, don ba a bai wa mai fasfon Najeriya ita a filin jirgi. Na biyu shi ne tekun kansa, wanda yake cika ya janye sau biyu kullum. Wanda bai yi lissafin wannan ba sai ya biya kuɗin masauki a bakin ruwa, ya fito da hantsi ya tarar ruwan ya yi nisan da sai ya hango shi da kyar. Duk sauran shirin a kan waɗannan biyun ake ɗora shi.

Zanzibar tarin tsibirai ne a Tekun Indiya, gab da gaɓar Tanzaniya. Manyan su ne Unguja da Pemba. Wanda mutane ke nufi idan sun ce Zanzibar shi ne Unguja, mai tsawon kimanin kilomita 85, kuma a nan birnin yake da babban filin jirgin sama na Abeid Amani Karume. Tun ranar 26 ga Afrilun 1964 ta haɗe da Tanganyika aka sami Tanzaniya, amma har yau tana da nata shugaban da majalisarta, kuma ana duba fasfo a tasharta ko da daga Darussalam ka taso.

Takardu, bi da bi

A fara aƙalla wata uku kafin ranar tafiya, kuma a bi wannan jerin yadda yake.

Fasfo tukuna. Sai ya kasance da sauran wata shida a kansa daga ranar da za ka shiga ƙasar, da shafukan da ba a buga wa hatimi ba. In ya kusa ƙarewa, ka je ofishin shige da fice ka sabunta kafin ka taɓa maganar biza, domin lambar fasfon da ka cike da ita ita ce za ta fito a takardar izini.

Sai biza. Najeriya tana cikin ƙasashen da Tanzaniya ke miƙa takardun mutanensu ga manyan jami'an shige da fice a duba kafin a amince. Ana cikewa ne a shafin intanet na hukumar shige da ficen Tanzaniya, a ɗora hoto da shafin farko na fasfo da bayanin masauki, a biya da kati. Kuɗin bizar yawon buɗe ido ta shiga sau ɗaya dala 50 ne. Hukumar da kanta tana shawartar masu irin wannan biza su nema wata biyu kafin tafiya, kuma kada su sayi tikiti sai amsa ta fito. A nan ne mutane ke ƙonewa: a ga tikiti mai araha a saya, ranar tashi ta zo biza shiru, kuɗi sun tafi. Abin yi shi ne wakilin tafiye-tafiye ya riƙe maka kujera ba tare da ka biya ba, masauki kuma ka zaɓi wanda ake iya sokewa kyauta. Sunanka ya zama harafi da harafi yadda yake a fasfo. Muhammad a wuri ɗaya, Mohammed a wani, ya isa ya jawo tsaiko. Kowane yaro da tasa takardar. In katin naira ya ƙi biya, katin asusun dala ne mafita. Akwai ofishin jakadancin Tanzaniya a Abuja ga wanda takardarsa ta maƙale.

Yayin jiran biza sai a yi allurar rigakafin shawara, a karɓi katin nan da aka fi sani da yalo kad daga jami'an lafiya na tashoshin shiga ƙasa. Allurar ba ta fara aiki a takarda sai bayan kwana 10, amma sau ɗaya ake yinta a rayuwa. Kada ka yarda wani ya kawo maka kati ba allura. Ana duba lambarsa a kwamfuta.

Bayan biza ta fito ka sayi tikiti, sannan ka biya inshorar da gwamnatin Zanzibar ta wajabta wa baƙi tun 1 ga Oktoban 2024. Dala 44 ce ga babba, tana aiki har kwana 92, kuma daga kamfanin inshorar gwamnatin Zanzibar kaɗai ake sayenta. Wata inshorar da ka yi a gida ba ta maye gurbinta. Ka buga takardar biza da ta inshora a kan takarda, kada ka dogara da waya, don caji kan ƙare a hanya.

Wane wata?

Damina biyu gare su. Babbar tana sauka daga Maris zuwa Mayu, Afrilu ya fi tsanani, har wasu masaukan bakin teku kan rufe. Ƙaramar tana zuwa wajen Nuwamba zuwa farkon Disamba, ruwa ne mai zuwa ya wuce. Yuni zuwa Oktoba ya fi daɗi: rani ne mai sauƙin zafi, iska na kaɗowa daga kudu. Matsalarsa ga manomi ita ce ya faɗa tsakiyar daminarmu, amma ga mai 'yan makaranta dogon hutun Agusta ya yi daidai. Janairu da Fabrairu ba ruwa, sai dai zafi. Mutumin Gombe zai ce ai ya san zafi. Wannan daban ne, mai laima, gumi ba ya bushewa a jiki, wanki ma yakan kwana bai bushe ba. Ƙarshen Disamba farashi kan tashi saboda hutun Turawa. A watan azumi gidajen abinci da yawa a cikin gari rufe suke da rana, amma dare yana da armashi.

Hanya

Ba jirgin da ke tashi daga Gombe ko Bauchi kai tsaye. Za ka fara zuwa Abuja daga filin jirgin Lawanti, ko ka bi mota zuwa Kano, daga nan Ethiopian Airlines ya kai ka Adis Ababa ka sauya jirgi zuwa Zanzibar. Daga Legas akwai hanyar Nairobi. Ka isa garin da za ka tashi kwana ɗaya kafin ranar, musamman lokacin hunturu da hazo ke hana jiragen cikin gida sauka. Jirgin waje ba ya jiran wanda hazo ya riƙe a Gombe.

Wani lokaci tikitin Darussalam ya fi araha. In ka bi ta can, jiragen ruwa masu gudu na Azam Marine suna ƙetarawa cikin kamar awa biyu. A ofishin kamfanin za ka sayi tikiti da fasfonka, ka ƙyale masu tare mutane a bakin ƙofa suna cewa ofis ya koma wani wuri. Wanda bai taɓa hawa teku ba ya ci abinci kaɗan, ya nemi maganin jiri a kantin magani ya sha kafin a tashi, ya zauna ƙasa wajen baya inda jirgi bai cika tsalle ba, ya riƙa kallon nesa maimakon waya. Daga Yuni zuwa Agusta ruwan ya fi hargowa, musamman da yamma.

Agogonsu yana gaban namu da awa biyu. Bayan wannan akwai lissafin Sawahili, wanda ke fara ƙirga awa daga fitowar rana: ƙarfe bakwai na safe shi ne ɗaya a wurinsu. Mai kwalekwale zai iya ce maka ƙarfe uku yana nufin tara. Duk alkawarin da za ku yi, ka nuna masa lambar a fuskar wayarka.

Kuɗinsu shilin ne, babbar takarda ta 10,000. Naira ba ta da amfani a can. Ka tafi da dala sababbi marasa yagewa ko rubutu, 'yan 50 da 100 sun fi samun canji mai kyau, tsofaffin bugu kuwa ana ƙin su. Ka canza a cikin birni, domin na'urar cire kuɗi ba ta da yawa a ƙauyukan bakin teku. Soket ɗinsu irin namu ne mai baki uku. Mota a hagu take bi, sai a kula wajen tsallaka titi. Kuma kada ka cika jaka da leda, Tanzaniya ta haramta ledar zuba kaya tun 2019.

Tsohon gari

Kwana biyun farko a ba wa tsohon garin da ake kira Stone Town, wanda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a shekarar 2000. An gina shi da dutsen murjani da farar ƙasa, lungunansa ƙunci gare su, mota ba ta shiga. Tasi zai ajiye ka a bakin unguwa, ka ƙarasa da ƙafa. Ka nemi masauki su turo wanda zai tarye ka, in kuma ɗan dako ka ɗauka ku yi ciniki kafin ya taɓa akwati. Masu bin baƙo da tayin rakiya suna da yawa. Mai rakiya na gaskiya yana da katin shaida a wuya, kuma ranar farko ya cancanci kuɗinsa, don taswirar waya takan rikice tsakanin dogayen gine-ginen nan.

A fara da sassafe daga kasuwar Darajani, lokacin da ake sauke kifi. Daga nan ƙafa kaɗan ne zuwa Mkunazini, inda kasuwar bayi take a da. Sarki Barghash ya rufe ta a 1873 bisa matsin lambar Ingila, aka gina cocin Angilika a filin. Akwai ɗakin nuni da ke bayanin yadda aka riƙa koro mutane daga can cikin nahiya, wajen manyan tafkuna, zuwa gaɓa, wasu a sayar ƙetare, wasu a tura su gonakin kanumfari. Wasu mutanenmu kan tsallake wurin da sun ji an ce coci. Kuskure ne. Ba za ka fahimci inda dukiyar da ta gina garin ta fito ba sai ka shiga nan, kuma da yawa daga masu fataucin Musulmi ne, irin su Tippu Tip da ya rasu a 1905, wanda gidansa ke nan cikin gari. A ba wurin awa ɗaya cur.

Sai ƙofofi. A tsaya a dube su da kyau, don kowace tana faɗin ko wane ne mai gidan. Ta Larabawa mai kusurwa huɗu ce, a samanta an sassaƙa ayar Alƙur'ani ko sunan mai gida da shekara, gefenta zanen sarƙa da furanni da igiyar ruwa. Ta Indiyawa samanta a lanƙwashe yake, jikinta jere da manyan ƙusoshin tagulla masu tsini. A gindin bango akwai dakalin da suke kira baraza, inda dattawa ke zaman shan gahawa. Ka yi sallama za a amsa maka da fara'a, amma kada ka ɗaga waya kan fuskar mutum, balle mace, ba tare da izini ba.

A bakin ruwa akwai tsohuwar ganuwar da Larabawan Oman suka gina a ƙarshen ƙarni na 17 bayan sun kori Turawan Fotugal. Dangantakar Oman da tsibirin ta kai har Sarkin Oman Sayyid Sa'id ya dawo da fadarsa nan daga Maskat a ƙarni na 19, shi ne kuma ya bunƙasa noman kanumfari. Kusa da ganuwar ga Baitul Aja'ib, wanda Barghash ya gina a 1883, gini na farko da ya sami lantarki a tsibirin. Wani ɓangarensa ya rufta a Disambar 2020 yana rufe ana gyaransa, sai ka tambaya ko an buɗe kafin ka sa shi a lissafi. A wannan fili ne jiragen yaƙin Ingila suka yi wa fadar Khalid bin Barghash ruwan wuta ranar 27 ga Agustan 1896, yaƙin da bai wuce minti 45 ba. Juyin juya halin Janairun 1964, da ya kifar da sarauta, har yanzu ciwo ne a gidaje da dama. In ba su suka ɗauko zancen ba, ka bar shi.

Masallatai ko'ina, sai dai abu biyu za su ba ka mamaki. Alƙibla a can arewa take kusan sak, saboda Makka tana saman tsibirin ne a taswira. Wanda ya saba fuskantar gabas ya tambaya kafin ya shimfiɗa darduma a ɗaki. Kuma yawancinsu Shafi'awa ne: liman zai bayyana bisimilla, a Asuba kuma ya yi ƙunuti a bayyane bayan ruku'u. Ka bi liman kawai.

Bayan magariba a nufi lambun Forodhani, inda masu abinci ke kafa tebura. Akwai mishkaki, wato tsirensu, da urojo, wani romo mai tsami da dankali a ciki, da ruwan rake da ake matsewa a gabanka da citta da lemun tsami. Kifi da jatan lande da ƙaguwa da aka jera tun yamma a kan tebur su ne ke ɓata ciki; ka zaɓi wanda za a gasa sosai kana tsaye, ka ji farashi kafin a ɗora a wuta. Abincin rana na gaske, filau da biryani, yana ƙananan gidajen abinci na cikin lungu.

Lissafin ruwa

Wanda saninsa da babban ruwa bai wuce dam ɗin Dadin Kowa ba, inda ruwa ke hawa da damina ya sauka da rani, to teku wannan hawa da saukar yake yi sau biyu a kowace rana. Tsakanin cika da janyewa awa shida ne da 'yan mintuna, kuma kullum lokacin yana jinkirta da kamar minti 50. Wata ne ke jan sa, don haka lissafin watan Musulunci zai yi maka amfani: a farkon wata da kuma wajen 14 zuwa 16 ga wata ruwa ya fi cika ya fi janyewa, bambancin yakan kusa mita huɗu, kuma a irin waɗannan ranaku da hantsi yake janyewa. Wajen 7 da 22 ga wata motsin kaɗan ne. Kowane masauki yana da jadawalin ruwa, ana kuma samunsa a intanet. Ka duba na ranakun tafiyarka tun kana gida.

Wannan ne ke raba inda za ka sauka. A gabas, wato Paje da Jambiani da Matemwe, gaɓar shimfiɗe take har zuwa duwatsun murjani, ruwa kan ja da baya fiye da kilomita ɗaya. Wanka sai lokacin cika. Amma janyewar kanta abin kallo ce: mata na shiga gonakin ciyawar teku, turaku jere da igiyoyi a ɗaure, suna tsinka suna dasa sabuwa, kwalekwale masu fiffike biyu na katako suna kwance a kan yashi. A arewa, Nungwi da Kendwa, kimanin kilomita 60 daga birni, ruwa yana da zurfi kusa da gaɓa, ana shiga kowane lokaci, kuma a Nungwi za ka ga masassaƙa suna haɗa jiragen katako da hannu. Sai dai can ne cunkoson Turawa da kiɗa da mashaya. Mai tafiya da iyali, a ganinmu, Jambiani ko Matemwe sun fi masa kwanciyar hankali. Kafin ka biya, ka tambayi masaukin ko akwai mashaya kusa da ɗakuna da kuma irin naman da ake dafawa a kicin.

Hatsarin da baƙo ba ya gani shi ne na dawowar ruwa. Mutum ya bi yashi ya yi nisa, ruwa kuma ba ta gabansa kaɗai yake dawowa ba, yana fara cika kwaruruwan da ya riga ya tsallake, sai ya waiwaya ya ga an yanke masa hanya. Ka fita awa ɗaya kafin ƙarshen janyewa, ka juyo da zarar lokacin ƙarshen janyewar da jadawali ya nuna ya yi, kuma da ɗan gari a tare. Ka sa takalmin roba mai rufe ƙafa saboda wata halitta mai ƙayoyi kamar bushiya da ke ɓuya cikin duwatsu. Ƙayarta kan karye cikin nama. Hajiya da 'yan mata su tanadi kayan wanka masu rufe jiki marasa nauyi, domin dogon hijabi ko zane in ya sha ruwa yana naɗe ƙafa yana jan mutum ƙasa. Wanda bai iya iyo ba kada ruwa ya wuce masa ƙugu. Duk kwalekwalen da za a hau, a ƙirga rigunan ceto kafin a biya, har da na yara, a kuma sa su tun daga gaɓa. In ka ga an yi lodi fiye da kima ka sauka. Lodi ne ya nutsar da jirgin Spice Islander tsakanin Unguja da Pemba a Satumbar 2011. Waya kuma a sa ta cikin jakar da ruwa ba ya shiga, ruwan gishiri ba ya barin na'ura da rai.

Fita ta yini ɗaya

Tsibirin Changuu bai fi rabin awa ba a kwalekwale daga tsohon gari. An gina kurkuku a kansa a 1893, amma killace masu cuta aka yi da shi. Abin kallo su ne manyan kunkuru da aka kawo daga Seshel a 1919, waɗanda wasunsu sun haura shekara ɗari. Ana haɗa shi da Nakupenda, tudun farin yashi da ke fitowa tsakiyar ruwa in ya janye ya kuma nutse in ya cika. Babu inuwa ko ɗaya a kansa.

Dajin Jozani yana kan hanyar gabas, saboda haka a tsaya ranar da za a koma Paje ko Jambiani maimakon a ɗauki mota ta musamman. Jan birin da ke cikinsa a Zanzibar kaɗai ake samun irinsa. A bar tazarar mita uku, ba a ba shi abinci. Akwai gadar katako da ke ratsa itatuwan da ke tsirowa cikin ruwan gishiri.

A kudu, Kizimkazi Dimbani, akwai masallacin da rubutun Kufi na jikin mihirabinsa ya nuna shekara ta 500 bayan Hijira, wato 1107, ko da yake an sake gina yawancinsa a ƙarni na 18. Ƙaramin gini ne, daga waje ba za ka ce komai ba, kuma har yanzu ana salla a ciki. Masu kwalekwale a can za su yi maka tayin bin kifin dolfin. Tsere ne na injuna a kan dabba, ba mu ga abin burgewa a ciki ba.

Gonakin kayan ƙamshi na wajen Kizimbani da Kidichi rabin yini ne. Za ka ga kanumfari a bishiyarsa, kirfa ana ɓare ta daga bawon itace, masoro yana naɗe da wata bishiya, da gyaɗar ƙamshi cikin jar rigarta. Tsarabar kuwa a Darajani ta fi araha. Pemba, mai tuddai da yawancin kanumfarin, kamar rabin awa ce a ƙaramin jirgin sama, amma tana son kwana uku nata na kanta. Mai mako ɗaya ya bar ta.

Daren ƙarshe a dawo birni a kwana, kada a taso daga Nungwi ko Jambiani ranar tashin jirgi. Man kanumfari da duk wani abu mai ruwa a sa a babban akwati, kayan ƙamshi a bar su cikin ƙunshinsu na kanti. Murjani da manyan kwansunan teku a bar su inda aka gan su, ana iya ƙwace su a filin jirgi. Shilin da ya rage a canza shi kafin a wuce wurin duba fasfo, domin da wuya ka sami mai karɓarsa a Kano ko Abuja. Tikitin Abuja zuwa Gombe kuma a yanke shi na washegarin ranar sauka.